Ranar Dila: Labarin da Aka San Ƙarshensa, Amma Ya Hana Masu Karatu Barci

Da yammacin ranar 22 ga Agusta, 1962, magariba ta kawo jiki, wata baƙar mota ƙirar Citroën ta baro fadar shugaban ƙasa a birnin Paris ta nufi filin jirgin saman soja na Villacoublay. A kujerar baya akwai shugaban ƙasar, Janar Charles de Gaulle, da matarsa Yvonne. A gaba, kusa da direba, surukinsu ne Alain de Boissieu. Suna shiga unguwar Petit-Clamart aka yi musu ruwan wuta daga gefen titi. Da ƙura ta lafa 'yan sanda sun tsinci kwanson harsashi 187 a wurin. Goma sha huɗu sun sami motar, tayoyi sun fashe, gilashi ya tarwatse, amma direban ya danne sitiyari ya ƙara wuta har ya fitar da su. Babu wanda harsashi ya taɓa a cikin motar.

Yawancin waɗanda suka kai harin Faransawa ne, kuma abin da ke cin su a rai Aljeriya ce. A 1958 masu son Faransa ta ci gaba da riƙe Aljeriya su ne kan gaba wajen dawo da De Gaulle mulki. Da ya zauna ya auna yaƙin da ake gwabzawa tun 1954, sai ya ga ba inda za a je. A watan Maris na 1962 aka sa hannu a yarjejeniyar Evian, a Yuli Aljeriya ta sami 'yanci, Turawa kusan miliyan ɗaya da suka ɗauki ƙasar tamkar gadon ubansu suka kwashe komatsansu suka tsallaka teku. Wasu hafsoshin soja suka ce an ci amanarsu. Ƙungiyarsu ta ɓoye, OAS, ta sha alwashin ganin bayan tsohon janar ɗin. Wanda ya kitsa harin Petit-Clamart, Laftanar Kanar Jean-Marie Bastien-Thiry, injiniya ne a rundunar sojan sama. An kama shi, kotun soja ta yanke masa hukunci, aka harbe shi ranar 11 ga Maris, 1963.

A cikin 'yan jaridar da ke bin De Gaulle duk inda ya sa ƙafa a lokacin akwai wani matashi ɗan Ingila, wakilin kamfanin dillancin labarai na Reuters, mai suna Frederick Forsyth. Aikinsu a fili yake, ko da ba a faɗa da baki: a kasance a wurin ranar da za a harbi shugaban. Yawan zama da masu tsaron lafiyar De Gaulle ya sa Forsyth ya gane cewa OAS ba za ta taɓa yin nasara ba, domin jami'an leƙen asiri sun yi mata kutse, sunan kowane ɗanta da hotonsa suna cikin fayil. In har za a iya kashe mutumin nan, sai dai a ɗauko baƙo daga waje, wanda babu ɗan sandan Faransa da ya taɓa jin labarinsa. Ya ajiye wannan tunani a ransa, ya ci gaba da aikinsa.

Hanyar da ta bi ta Biyafara

Kafin tunanin ya zama littafi sai da Forsyth ya bi ta Najeriya. An haife shi a 1938 a garin Ashford na Ingila, ya tuƙa jirgin yaƙi yana ɗan shekara 19, ya yi wa Reuters aiki a Paris da Balin ta Gabas, sannan ya koma BBC a 1965. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka tura shi ɓangaren Biyafara. Ya saɓa da shugabanninsa a kan yadda ake ba da labarin yaƙin, ya ajiye aikin, ya koma can da ƙafarsa a matsayin ɗan jarida mai zaman kansa. Ya zama na kusa da jagoran Biyafara, Odumegwu Ojukwu, kuma littafinsa na farko, The Biafra Story, ya fito a 1969. Duk ɗan Arewa da ya karanta wannan littafi zai ji ɗacinsa, domin ɓangare ɗaya ya tsaya wa, kuma shi kansa bai ɓoye hakan ba. Yunwar da ya gani a jikin yara gaskiya ce, kuma ya yi daidai da ya yi ta kururuwa a kanta. Hoton da ya zana na Arewa da mutanenta kuwa, na wanda bai zauna da su ba ne. Sai a 2015, a littafin tarihin rayuwarsa, ya bayyana cewa tun daga wancan lokaci ya fara taimaka wa hukumar leƙen asirin Birtaniya ta MI6, kuma ya yi sama da shekara 20 yana yi.

Ya koma Landan a ƙarshen 1969 ba aiki, ba ko sisi, ba gidan kansa, yana kwana a kujerar falon wani aboki. Ranar 2 ga Janairu, 1970 ya ɗora tsohuwar tafiretarsa a tebur ya fara bugawa. Cikin kwana 35 ya gama The Day of the Jackal, wato Ranar Dila.

Kamfanonin ɗab'i huɗu suka dawo masa da shi. Hujjarsu mai ƙarfi ce: De Gaulle yana nan da ransa a ƙauyensu, Colombey, kowa ya san ba a kashe shi a 1963 ba, to wa zai cire kuɗi ya sayi labarin da ya riga ya san yadda zai ƙare? A watan Nuwamba na 1970 tsohon ya rasu a gidansa, mutuwar Allah da Annabi. Kamfanin Hutchinson ne ya yarda ya gwada, ya buga kwafe 8,000 a tsakiyar 1971. Kafin a ce kwabo sun ƙare, aka shiga sake bugawa. A 1972 littafin ya ci lambar Edgar ta Amurka, wadda ake bai wa gwanayen labarin laifi da bincike, aka fassara shi zuwa harsuna da dama, miliyoyin kwafe suka shiga duniya.

Ina fargabar take fitowa?

Editocin nan huɗu sun ɗauka abin da ke riƙe mai karatu shi ne rashin sanin ƙarshe. Alfred Hitchcock, uban finafinan ɗar-ɗar, ya riga ya nuna kuskuren wannan tunani a hirarsa da daraktan Faransa François Truffaut. Misalinsa shi ne mutum biyu suna hira a tebur. In bam ya tashi kwatsam, mai kallo zai razana na ɗan lokaci, shi ke nan. In kuwa an fara nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur, ga agogo yana tafiya, to ko hirar banza mutanen ke yi zuciyarsa tana hannunsa har a gama. Sanin abu ne ke kawo fargaba. Forsyth ya kai wannan dabara maƙura. Ya bar mai karatu da sanin ƙarshen, ya mayar da tambayar ta zama: mutumin da ya shirya irin wannan shiri, ta ina zai kuskure?

Labarin a taƙaice ba shi da rassa. Shugabannin OAS uku sun gana da wani Baturen Ingila a wani masauki a birnin Biyana. Ya yanka musu dala 500,000, rabi kafin aiki, rabi bayan aiki, da sharaɗin ba wanda zai san shirinsa, har su. Ya zaɓa wa kansa laƙabin Dila. Su kuma suka kulle kansu a wani otal a birnin Rum, yaransu suka bazama fashin bankuna don a haɗa kuɗin. Daga nan sai littafin ya shiga abin da ya sa ya yi suna: aiki, dalla-dalla.

Dubi yadda Dila ya sami fasfo. Ya hau mota yana zagaya maƙabartun ƙauyukan Ingila yana karanta rubutun kan kaburbura, har ya dace da na wani yaro da ya rasu yana ɗan shekara biyu da rabi, wanda da ya rayu da sa'ansa ne. Ya shiga wurin limamin cocin da fara'a, ya ce shi mai bin salsalar dangi ne, aka buɗe masa littafin rajista ya kwafi sunan uwa da uba. Ya koma Landan ya biya 'yan kuɗi kaɗan aka ba shi takardar haihuwar yaron. Ya cika fom, ya manna hotonsa, ya kwaikwayi sa hannun limamin a matsayin mai shaida, ya jefa a gidan waya. Bayan 'yan kwanaki fasfo na gaske ya iso, da sunan yaron da ya yi shekara talatin a ƙasa. Sirrin shi ne a wancan zamani ba wanda ke haɗa rajistar haihuwa da ta mutuwa kafin a ba da fasfo.

Haka ya bi da bindiga. Ya sami wani tsohon maƙerin makamai a Beljiyam ya zayyana masa abin da yake so: siririya, mai cin harsashi ɗaya, da madubin hange da abin kashe ƙara, wadda za a warware ta gunduwa-gunduwa a zura cikin bututun ƙarfe. Bai faɗi dalilin bututun ba, marubucin ma bai faɗa ba, sai mai karatu ya riƙe abin a ransa har shafukan ƙarshe. Mai buga takardun jabu da ya nemi ya tatse shi da barazana kuwa, a akwati aka bar gawarsa. Kowane mataki da farashinsa, da sunan titinsa, da lokacin tashin jirginsa, cikin harshen rahoton jarida wanda ba ado ba ƙawa. Ga mutanen gaske a ciki, irin su ministan cikin gida Roger Frey, suna zirga-zirga tare da na ƙirƙira, har ka kasa gane inda tarihi ya tsaya da inda ƙage ya fara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin maƙera yana kallon maƙeri na fitar da lauje daga guntun ƙarfe, ya manta da aiken da aka yi masa, ya san irin daɗin da ke cikin waɗannan shafuka. Kallon wanda ya iya aikinsa yana riƙe ido.

A ɗaya ɓangaren akwai Kwamishina Claude Lebel, ɗan gajeren ɗan sanda mai sanyin magana, wanda ba ya cika ido. An damƙa masa aikin da hankali ba zai ɗauka ba: ya nemo mutumin da ba a san sunansa ba, ba a san ƙasarsa ba, ba a san kamanninsa ba, kuma a asirce, domin De Gaulle ya ce ba zai soke ko taro ɗaya ba, ba kuma zai yarda duniya ta ji cewa shugaban Faransa yana ɓuya ba. Abin da kawai ke hannu shi ne 'yan kalmomin da aka tatso daga bakin wani dogarin OAS da aka azabtar har ya mutu. Makamin Lebel wayar tarho ce, da katunan da baƙi ke cikawa a otal, da haƙuri. Kowane dare yana tsayawa gaban manyan ƙasa suna yi masa kallon raini. Sau da yawa yana isa wuri ya tarar Dila bai daɗe da tashi ba. Da abin ya yi yawa sai ya gane daga cikin ɗakin taron ne ruwa ke yoyo. Ya sa aka saurari wayar kowa da kowa a cikinsu, sai ga muryar farkar wani kanar tana kai rahoto. Baki shi ke yanka wuya.

Ranar da Dila ya zaɓa ita ce 25 ga Agusta, 1963, ranar tunawa da ƙwato Paris daga hannun Jamus, domin ya karanci De Gaulle sosai ya san girman kansa ba zai bar shi ya ƙi fitowa ba. Ya shigo a siffar tsohon soja mai ƙafa ɗaya, ya naɗe ɗayar ya ɗaure ta baya, ya tauna albarushi don fuskarsa ta yi fari kamar mara lafiya, ga lambobin yabo a ƙirji. Ɗan sandan da ke kan shinge ya tausaya masa ya bar shi ya wuce yana dogara sanda. Sandar nan ita ce bututun. Daga tagar wani bene ya saita kan shugaban, ya ja kunama. A daidai wannan ƙiftawa De Gaulle, mai tsayin gaske, ya sunkuya don ya sumbaci kumatun tsohon sojan da ya maƙala wa lamba, kamar yadda Faransawa ke yi. Harsashi ya wuce. Mutumin da ya lissafa komai bai sa wannan al'ada a lissafi ba, domin a ƙasarsu hannu ake bayarwa. Kafin ya sake ɗurawa Lebel ya iso ya harbe shi. An binne Dila a kabarin da ba suna, kuma har littafin ya ƙare ba wanda ya san ko shi wane ne.

Akwai abin da ke damuna a littafin, kuma ya kamata a faɗa. Ƙwarewar marubucin takan kai mai karatu inda zai tsinci kansa yana yi wa makashin haya fatan tsallake shinge. Sai lokacin da Dila ya kashe matar da ta ba shi masauki da amana, ba tare da ko gezau ba, mutum yake farfaɗowa ya tuna wa yake bi. Matan da ke cikin labarin kusan duk kayan aiki ne a hannun maza. Sannan mutanen Aljeriya, waɗanda a kan ƙasarsu da jininsu aka yi duk wannan rigima, waɗanda gwamnatinsu ke cewa sun rasa mutum miliyan ɗaya da rabi, babu muryarsu a ciki. Rikicin Turawa ne tsakaninsu a kan abin da ba nasu ba.

Daraktan da ya ƙi ɗaukar tauraro

Furodusa John Woolf ne ya sayi haƙƙin mayar da littafin fim. Forsyth, da yake talauci bai gama sakinsa ba, ya karɓi fam 20,000 a dunƙule maimakon ya jira kaso daga riba. Aikin ya faɗa hannun Fred Zinnemann, dattijon darakta ɗan asalin Ostiriya, wanda ya yi High Noon a 1952, ya kuma ci lambar Oscar ta darakta sau biyu, da From Here to Eternity da A Man for All Seasons. Abin da ya ja hankalinsa shi ne ainihin abin da ya kori editocin: ko za a iya zaunar da mutane a silima sama da awa biyu a kan abin da suka san ƙarshensa?

Shawarar farko da ya yanke ita ce mafi tsada. An kawo sunayen manyan jarumai irin su Michael Caine da Roger Moore, ya ƙi. Hujjarsa ita ce Dila mutum ne da ke narkewa cikin jama'a, in kuwa fuskar da kowa ya sani ce ta tsallaka iyaka da fasfo na jabu, mai kallo ba zai yarda ba a gane ta ba. Ya ɗauko Edward Fox, wanda a lokacin ba a san shi sosai ba, siriri mai murmushin 'ya'yan manya, da ɗan ƙyalle a wuya. Lebel kuma ya bai wa Michael Lonsdale, wanda muka fara gani a cikin kejin tantabarunsa, matarsa na ƙwala masa kira wai ana nemansa a ma'aikata. Fim ya yi nisa sosai kafin ya bayyana, kuma shi da Dila ba su haɗa ido ba sai a daƙiƙun ƙarshe.

Shawara ta biyu ita ce kiɗa. Bayan buɗewar fim, kusan babu kiɗan da aka ɗora don a gaya wa mai kallo ya ji tsoro. Abin da kunne ke ji shi ne ƙarar injin mota, takun takalmi a matakala, ƙararrawar tarho, kiɗan faretin da ke cikin labarin kansa. A madadin kiɗa Zinnemann ya cika fim ɗin da agogo: a bango, a tashar jirgin ƙasa, a ofis, a hannu. Mai tace hoton, Ralph Kemplen, ya riƙa yanka tsakanin mafarauci da abin farauta ba tare da ɓata daƙiƙa ba, aikin da ya ba shi lambar BAFTA, aka kuma sa sunansa a takarar Oscar.

Fitowar da ta fi zama a zukatan masu kallo ita ce ta kankana. Dila ya shiga wani daji shi kaɗai, ya rataye kankana a bishiya, ya ja da baya ya auna tazara. Ya harba, ya duba inda harsashi ya faɗa, ya ciro ɗan ƙaramin sukudireba ya murza madubin kaɗan. Ya sake harbawa, ya sake murzawa. Ba magana, ba kiɗa, sai kukan tsuntsaye. Da saiti ya zauna sai ya ciro harsashi na musamman mai fashewa, ya ɗura, ya ja. Kankanar ta yi fata-fata. Ba a zubar da jinin kowa ba, amma kowa a ɗakin kallo ya ga kan De Gaulle. A littafi wannan gwaji ya ci shafuka ana bayanin yadda harsashin yake aiki. Fim ya yi shi cikin 'yan mintuna, bai bar komai a baya ba.

Marubucin fim ɗin, Kenneth Ross, ya yi aski inda ya dace. Ya rage dogon tarihin siyasar OAS, ya mayar da maƙerin bindiga da mai takardun jabu birnin Genoa na Italiya don tafiyar Dila ta miƙe, ya canza wasu sunaye, ya rage yawan fuskokin da Dila ke sauyawa. Abin da bai taɓa ba shi ne ramin da ke tsakiyar labarin. Ba a ba Dila uwa ko uba ba, ba a nuna wata wahalar yarinta da ta mayar da shi haka ba, ba ya yi wa kowa bayanin kansa. A ganina nan ne fim ɗin ya ci jarrabawar da finafinai da yawa da aka ciro daga littafi suke faɗuwa. Riƙe amanar littafi ba ya nufin kwashe kowane babi a zuba a majigi. Ana nemo abin da ke sa littafin numfashi ne, a kiyaye shi, sauran a yi yadda hoto ke so. Fim ɗin ya fito a 1973, masu sharhi suka yaba, ya kuma mayar da kuɗinsa da riba, ko da yake rashin tauraro ya rage masa kasuwa.

Abin da ya fita daga shafi

Littafin bai tsaya a kanta ba. A Nuwamban 1974 wani ɗan majalisar Birtaniya, John Stonehouse, ya ajiye tufafinsa a bakin teku a Miami don a ɗauka ruwa ya ci shi, ya tsere Ostireliya da fasfo mai sunan mamaci, aka kama shi a Melbourne bayan wata guda. Dabarar ta ci gaba da amsa sunan littafin a bakin jami'an Birtaniya, kuma sai da aka shafe sama da shekara 30 kafin a toshe ƙofar da kyau. A 2013 kuma aka fallasa cewa wasu 'yan sandan ciki na Landan sun daɗe suna amfani da sunayen yaran da suka rasu don su saje cikin ƙungiyoyin masu zanga-zanga, iyayen yaran ba su sani ba.

Shi ma ɗan ta'addan nan na Benezuwela, Ilich Ramírez Sánchez, daga nan ya samo laƙabinsa. A 1975 wakilin jaridar Guardian ya ga kwafen littafin a wani gida a Landan inda aka ajiye jakar makamansa, sai aka shiga kiransa Carlos Dila. A Disambar wannan shekara ya jagoranci garkuwa da ministocin man fetur na OPEC a Biyana. Sai a 1994 aka cafke shi a Khartum, aka miƙa shi Faransa inda yake zaman ɗaurin rai da rai. A Indiya kuwa masu fim na harshen Malayalam sun ari ƙashin labarin suka yi August 1 a 1988, da jarumi Mammootty a matsayin ɗan sandan. Shi Forsyth ya ci gaba da rubutu: The Odessa File a 1972, The Dogs of War a 1974 a kan sojojin haya a wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka, The Fourth Protocol a 1984, kuma dukansu an yi fim da su.

Da aka sake taɓa shi

Shekara biyu bayan fim ɗin Zinnemann, Jaws na Steven Spielberg, wanda shi ma daga littafin Peter Benchley aka ciro shi, ya sauya yadda Hollywood ke sayar da fim: a buɗe a ɗaruruwan silima rana ɗaya, a cika talabijin da talla, a kwashi kuɗi a makonnin farko. Cikin wannan kasuwa aka haifi The Jackal na 1997. Bruce Willis ne Dila, fuskar da duniya ta sani, yana ta sauya gashin kai. A madadin Lebel aka kawo Richard Gere a matsayin tsohon ɗan bindigar ƙungiyar IRA ta Ireland da aka ciro daga kurkuku, mai tsohuwar gaba da Dila. Siririyar bindiga ta koma ƙatuwar mashin da ake sarrafawa da kwamfuta daga nesa. Wurin gwajinta kuwa ba kankana aka rataye ba, wanda ya ƙera mata mazauni aka tsayar, aka cire masa hannu da harsashi a gaban mai kallo. A waɗannan fitowa biyu kaɗai mutum zai ga tazarar da ke tsakanin fim ɗin da ya yarda da hankalin mai kallo da wanda yake tsoron kada ya gaji. Zinnemann, yana dab da cika shekara 90, ya yi tsayin daka kada a sa wa sabon fim ɗin cikakken sunan nasa, Forsyth ma ya nesanta kansa, dole aka gajarta sunan. Zinnemann ya rasu a Maris na wannan shekara kafin fim ɗin ya fito. Ya yi kasuwa, amma yau ba a cika tuna shi ba.

A Nuwamban 2024 tashar Sky da Peacock suka fito da shi a matsayin fim mai dogon zango, kashi goma, da Eddie Redmayne a matsayin Dila da Lashana Lynch a matsayin jami'ar MI6 da ke farautarsa. An dawo da labarin wannan zamani, wanda za a kashe attajirin fasahar kwamfuta ne. Aikin ya fi na 1997 nesa ba kusa ba, kuma Redmayne ya kama natsuwar mutumin da ke aiki da hannunsa. Sai dai awa goma ba ta cika da mutumin da ba shi da tarihi, don haka aka ba Dila mata da ɗa a kudancin Sifaniya, aka ba shi tarihin aikin soja, aka ba shi damuwa da kuka. Ita ma jami'ar aka ba ta rikicin gida. Forsyth ya ga fitowarsa kafin ya rasu ranar 9 ga Yuni, 2025, yana da shekara 86, bayan an sayar da littattafansa sama da miliyan 75.

Babban sauyin yana ƙarshe. A littafi da fim ɗin 1973 duk shirin Dila a kan harbi ɗaya ya rataya, rana ɗaya, kuma da ya kuskure labari ya ƙare tare da shi. A sabon zubin harbinsa ya sami wanda aka sa shi kashewa, ya kashe mai farautarsa, ya fita da ransa, domin tun kafin a gama nuna kashi na goma masu shi sun sanar da zango na biyu.